Yaya da 'Yar Gangare

Yayana irin mutanen nan ne da ko ruwa kake sha a gabansu sai sun nuna maka ba haka ake riƙe kofi ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara tara ya ba ni, kuma Inna ta ce tun ina rarrafe yake bina yana gyara mini rarrafen. A wurin aiki Ƙaiƙayi ake ce masa. Direbanmu ne ya raɗa masa, kuma ban taɓa ganin sunan da ya zauna wa mai shi daram kamar wannan ba: in ya hau ka ba ka da sukuni, in ka tanka masa abin ya ƙaru. Ni dai Yaya nake ce masa don haka aka hore ni, amma a cikin raina sunan da direba ya raɗa masa nake kira.

Bai yi nisa a makaranta ba. Yana aji huɗu ya miƙe a gaban yara ya gaya wa malamin aikin gona cewa ya matse tumatirinsa da yawa, ba zai yi 'ya'ya ba. Malam ya zane shi, shi kuma ya ɗauki jakarsa ya fice, fitar da bai koma ba ke nan. Tumatirin bai yi 'ya'ya ba kuwa, kuma har yau in ka zauna da Yaya minti goma sai ka sha labarin. Gonar Baba ya koma, a can aka gane Allah ya yi masa hannu. Duk abin da ya soka a ƙasa sai ya kama. Maƙwabta har cewa suke in ya manta sandarsa a kan kunya zai dawo ya tarar ta yi ganye. Da Baba ya rasu aka raba gona, rabonsa bai isa riƙe gida ba, sai ya shiga aikin lambu a gidajen masu hali. Babu gidan da ya cika shekara. Matar gida za ta ce a ajiye mata tukunyar fure a bakin ƙofa, shi ya ce furen ba ya son rana, daga nan sai musu, daga musu sai sallama. Matarsa, baiwar Allah, tun a watan farko ta gano cewa zama da shi kalma ɗaya yake bukata, wato “to”. 'Ya'yansa uku kuwa, kowanne na yin ƙafa ya nemi wani gari.

Akwai gandun dajin gwamnati tafiyar awa ɗaya a mota daga garinmu. Duk damina ofishin gandun yana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na wata huɗu, su ƙirga tsirrai, su auna tsayinsu, su tsinko samfur su matse shi tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu. Ruwa na ɗaukewa a karɓe takalmin roba da rigar ruwa, a ce a sauka lafiya, sai an neme ku. Babu mai tabbacin za a neme shi. Yaya ya yi damina goma sha tara a haka, ba a taɓa mai da shi cikakken ma'aikaci ba. Da rani yana facin bokiti da tayar keke a bakin hanya, yana faɗa da masu kawo masa aikin. Ni na shiga ne bayan mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu. Yaya ne ya kai ni, kuma bai bar ni na manta da wannan ba ko na yini ɗaya. Da yake na gama sakandare, ni aka ba allon rubutu da fensir.

Aikinmu ni da shi a wani gangare mai duwatsu yake, can ƙuryar gandun, wanda aka kewaye da shingen waya saboda wani ɗan tsiro da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Furensa shuɗi ne mai haske, yana buɗewa da hantsi ya rufe kafin la'asar. Dakta, matar da ke shugabantar binciken, tana da wani dogon suna da take kiransa da shi, wanda ko direba da ke taƙama da Turanci ya kasa maimaitawa. Mu 'yar gangare muke cewa. Dakta ta ce ba ta san wani wurin da take fitowa a duk yankin ba sai nan. Makiyaya da masu yin itace kuwa sun daɗe suna matsa wa ofis lamba a buɗe musu wurin, don ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau. Ofis ya ce ƙidaya ce za ta raba gardama: in 'yar gangare tana raguwa, shinge ya zauna. In ta tsaya da ƙafarta, a cire shi.

An yanka fegi goma sha biyu a gangaren, kowanne taku biyar tsawo taku biyar faɗi, da turakun ƙarfe huɗu masu jan fenti a kusurwoyi. Duk mako biyu mu ɗaura igiya a turakun, Yaya ya durƙusa ya ƙirga, ni in rubuta. Doka ɗaya ce tal, kuma Dakta tana maimaita ta duk ranar buɗe aiki.

“Ku idanu ne, ba hannuwa ba. Ba cira, ba ban ruwa, ba gyara. In kun ga tana mutuwa, ku bar ta ta mutu, ku rubuto mini. Abin da daji yake yi da kansa nake son sani.”

“Mun ji, ranki ya daɗe,” in ji Yaya, yana kallon silin kamar mai ƙirga ƙusoshi.

Kowace shekara lamba hawa take. Fegi na bakwai, wanda ya fi kusa da shinge, na same shi da ashirin da 'yan kai, ya kai arba'in, ya wuce sittin. Har shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ciyawar gandun ta ƙone, 'yar gangare ba ta ja da baya ba. Dakta baki har kunne. Ta riƙa kawo baƙi tana nuna musu fegin Yaya, shi kuma ya tsaya gefe ya harɗe hannu a baya yana hura hanci.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tun daminata ta uku na ga abin da na gani. Cikin fegi ƙasa lubus, babu wata ciyawa mai ƙarfi da ta shaƙe tsiron. Ka ɗaga ƙafa taku ɗaya wajen igiya kuwa, sai ƙaya da doguwar ciyawa har gwiwa. Na taɓa cewa, “Yaya, wai me ya sa cikin nan yake kamar an share?” Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Rubutu aka kawo ki ko bincike?” Na ja bakina na yi shiru. Lamba mai kyau tana faranta wa Dakta rai, ran Dakta in ya yi fari ana nemanmu baɗi, ni kuma ina da bakuna biyu a gida.

A cikin mako muna kwana a wasu ɗakuna biyu na kwano da ke bakin ƙofar gandun, ranar Juma'a da yamma mota ta mai da mu gida. Yaya ba ya bin mota. Kullum cewa yake zai duba turaku, wai shanu suna tuge su, alhali babu saniyar da ke tsallake wayar nan. Wata Asabar, a daminata ta takwas, na tarar na baro maganin hawan jinina a ɗaki, dole na hau motar haya na koma. Mai gadi ya ce Yaya ya hau gangare tun safe. Kwana goma sha biyu ke nan ba a yi ruwa ba. Ban san abin da ya ja ni ba, na ɗauki maganina na bi sawunsa.

Na hango shi a fegi na bakwai, ya tuɓe riga, yana durƙushe. Jarka biyu a gefensa, da wani gwangwanin madara da ya huhhuda gindinsa da ƙusa yana yayyafi da shi. A ɗaya hannun tsohon cokali ne da ya wasa bakinsa, yana tono ciyawa da saiwarta yana zubawa a buhu don kada ta bar shaida. Wannan duk bai ƙona mini rai ba kamar muryar. Magana yake yi musu ƙasa-ƙasa, yana cewa sannu, sha a hankali, ke kuma me ya same ki kika langwaɓe. Mutumin nan na ga ɗansa na fari yana kwance da zazzaɓi, abin da ya iya ce masa shi ne ya tashi ya daina ragwanci.

“Yaya, me kake yi?”

Ya juyo, ya dube ni sama da ƙasa, ya ci gaba da yayyafinsa. “Ido gare ki.”

“Tun yaushe?”

“Tun kina gidan miji.”

“Ka san abin da ka aikata kuwa? Duk takardun nan da sa hannuna a kai!”

“Sa hannunki,” ya ce, ya yi wata dariyar raini. “Ke, kin taɓa ganin mai hankali ya ga abu yana mutuwa a gabansa ya ɗauko fensir? Ita Dakta littafi ta karanta, ni ƙasa na karanta. Abin nan na ɗebi irinsa na kai gida sau nawa, na shuka a tukunya, na shuka a inuwa, na kwaso ƙasar nan kanta a buhu, ya ƙi ni. Duk duniya shi kaɗai ya ƙi hannuna. Nan yake so, to nan zan same shi.”

Na bar shi na zaga gangaren ni kaɗai, wajen turaku, inda ba a taɓa ce mana mu ƙirga ba. Da na fara aikin nan, in ka tsaya a sama da hantsi za ka ga shuɗi ɗigo-ɗigo har ƙasa. Ranar sai da na yi ta buɗa ciyawa da ƙafa kafin in sami ɗaya. Na dawo na ce masa na waje sun ƙare.

“Na sani,” ya ce. “Bayana ɗaya ne, jarka biyu yake ɗauka. Waɗannan su na sani.”

Na sake yin shiru, karo na biyu, kuma wannan karon ba ni da uzurin cewa zato ne. Damina uku na ƙara ina rubuta lambobin da na san na gona ne ba na daji ba.

Ranar rufe aiki na daminarsa ta goma sha tara aka tara mu a ɗakin taron ofis, mai fanka ɗaya da ke ƙara ba iska. Dakta ta miƙe da wani rahoto mai kauri a hannu, ta ce tana da albishir. Cikin shekara goma sha biyu na ƙidaya, 'yar gangare ta ninka har sau uku, ta jure fari, ta jure komai. Ta tabbata ba ta bukatar kariya. Kafin damina mai zuwa za a naɗe shinge a buɗe wa makiyaya wurin, ƙidayar gangare kuma ta ƙare ke nan. Ta ce a tafa wa Yaya, aka tafa. Na dube shi. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa masa toka, amma sai da ya ɗaga hannu ya amsa tafin, don shi ko ana binne shi ba zai bar yabo ya wuce ba.

Washegari na same shi a gida, yana zaune a tsakar gida yana wasa wata almakashi da ba ta bukatar washi. Matarsa tana wanki a gefe.

“Yaya, garke ɗaya zai share fegin nan duka kafin azahar. Ka je ka gaya mata.”

“In gaya mata me?”

“Gaskiya. Ka ce kai ka raine su. In ta ga na waje sun ƙare za ta bar shinge.”

“Ni in tsaya gaban yarinyar da na girme wa da shekara goma sha biyar in ce na yi kuskure? Wane kuskuren? Raya abu kuskure ne?”

“To ka zauna shanu su cinye.”

“Zan tsare da sanda.”

“Kai da sandarka, gangare guda? Ka dubi gwiwoyinka mana, da ƙyar kake miƙewa.”

Ya nuna ni da almakashin. “Ke dai ki kama bakinki. Kika kuskura kika buɗe shi, babu ni babu ke.” Ya juya ga matarsa. “Ko ba haka ba?”

“To,” in ji ta, ba ta ko ɗago daga bahon ba.

Na san Yaya. Ya fi son ya ga kofato a kan furannin nan da a ce ya sunkuyar da kai a gaban mutum, sa'annan ya yi shekara ashirin yana ba da labarin yadda jahilan ofis suka kashe masa tsiro. Ranar Litinin na sa mayafina na tafi ofis.

Dakta ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan rahoton.

“Shekara goma sha biyu,” ta ce. “Na bar 'yata tana goyo na zo na kafa turakun nan. Ke kin sani?”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

“Tun yaushe?”

“Tabbas, damina uku. Zato kuwa ya fi haka.”

“Kika riƙa miƙo mini takarda kina murmushi.”

A ranar ta sa direba ya kai mu gangaren. Na nuna mata tsagar dutsen da yake ɓoye jarkoki da gwangwani, na nuna mata ramin da yake binne ciyawa. Ta zaga wajen turaku da kanta har rana ta yi sanyi, ƙaya ta yayyaga mata zane, busassun karan 'yar gangare goma sha ɗaya kacal ta samu a wajen turakun duka. Muka koma mota. Direba ma, wanda bakinsa ba ya hutawa, rediyo ya kashe.

Ta janye rahotonta, abin da na ji ya jawo mata surutu mai yawa a sama. Ta roƙi a ba ta damina uku a sake ƙidaya ta gaskiya kafin a taɓa shinge, aka ba ta da ƙyar. Yaya aka hana shi shiga gandun, har hotonsa aka manna a ɗakin mai gadi. Ni an bar ni ne ba don an yafe mini ba, sai don babu wanda ya san tsiron tun yana ganye biyu kamar ni. Aka karɓe fensir daga hannuna aka ba wani ma'aikacin ofis, ni na koma mai durƙuso.

Yaya ya zo ƙofar gidana da rana tsaka, lokacin da layin ya cika da mutane. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a waje ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: shi ya tsamo ni daga yunwa, shi ya sa 'ya'yana suka ci suka yi makaranta, ga sakayya. Ya ce da Inna tana raye da baƙin cikina ya kashe ta. Na leƙo na ce da Inna tana raye da ita za ta ja kunnensa har ofis. Ya tofar da yawu ya hau kekensa. Daga ranar ko a gidan rasuwa muka haɗu, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Amma bai bar gangaren ba. Akwai hanyar ƙafa da ke bi ta bayan shingen, wadda ba ta cikin gandu, kuma daga nan zuwa fegi na bakwai taku ashirin ne. Ya san ranakun ƙidaya sarai. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya ya tako keke tafiyar awa uku, ya jingine shi, ya kama waya da hannu biyu ya fara. “Kin taka! Makauniya, ga ɗaya nan bayan dutse kin tsallake! Haka na koya miki?” Ma'aikacin ofis ya kai ƙara, aka ce hanyar ta kowa ce, ba a hana mutum tsayuwa.

Daminar farko ciyawa ta rufe fegin duka. Na bakwai ya sauko daga sittin da uku zuwa ashirin da takwas. Ta biyu, tara. Duk lambar da na faɗa da ƙarfi don a rubuta, shi ma yana ji daga bakin waya. Ina durƙushe ina ganin doguwar ciyawa ta danne wata 'yar ƙarama, yatsa biyu kawai zan sa in tuge ta, amma sai in mai da hannuna baya in riƙe shi da ɗayan. A nan na gane abin da yake ji shekara da shekaru, kuma ganewar ba ta sa na ji sanyinsa ba, ƙara mini haushinsa ta yi. Da ya bar su tun farko da sun saba da wahala ko sun mutu a idon Dakta da wuri, a nemi dabara tun gangaren yana da sauran shuɗi. Shi ya shagwaɓa su, ni aka bari da kallon mutuwarsu.

A damina ta uku ruwa ya ɗauke a tsakiya, kwana goma sha tara ko ɗigo. Ranar ƙidaya na tarar da huɗu a fegi na bakwai, duk sun kwanta, ganyensu ya naɗe. Ma'aikacin ofis ya rubuta, ya ce ya manta igiyar awo a mota, ya gangara. Motar tana nesa, zuwa da dawowa rabin awa ne. Na zauna a kan dutse da gorar ruwana a cinya.

Yaya yana bakin waya, kuma yau bai zage ni ba tun da muka zo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Ƙanwata,” ya ce.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Ke ce, ko wance, ko makauniya.

“Ƙanwata, kofi ɗaya. Ba wanda yake gani. Rabin gorar nan ya ishe su kwana uku, hadari yana haɗuwa, na ji a gwiwata. Ki zuba a gindi, kada ki jiƙa ganyen.”

“Ba zan zuba ba, Yaya.”

“Don Allah. Don darajar Inna. Ta gefen dutsen nan, mai reshe biyu, shekararta tara. Ni na san ranar da ta fito.”

“In suka rayu da ruwana ƙarya ce za a sake rubutawa, kuma ƙaryar ce za ta cire shingen. Ka yi naka, ka ga inda ya kai mu.”

“Huɗu ne fa! Huɗu za su cire shinge?”

“Haka ka ce wa kanka ranar farko.”

Ya zura hannu ta cikin waya har ƙarfen ya karce shi, jini ya biyo damtsensa. Yana kuka, baki a buɗe, kamar yaron da aka ƙwace wa abu. Wallahi hannuna har ya kai kan murfin gorar. Na miƙe na mai da ita cikin jaka, na zuge, na juya masa baya na tafi fegi na takwas na fara ɗaura igiya. Ina ji ya daina roƙo ya koma tsinuwa, ya ce ba ni da imani, ya ce Allah ya sa in nemi ruwa a rasa mai ba ni. Sai da na sake ƙulla igiyar sau uku kafin ta kama.

An yi ruwa bayan kwana shida. Da muka koma ƙidaya ta gaba na durƙusa na bi fegi na bakwai kusurwa zuwa kusurwa, na sake bi, sa'annan na ce wa mai rubutu ya sa sifiri. Ranar babu kowa a bakin waya.

Bayan rufe aiki Dakta ta kira ni ofis ta miƙo mini takarda mai hatimi. Ƙidayar shekara uku ta nuna tsiron yana gab da ɓacewa, saboda haka shinge zai zauna, ba za a buɗe gangaren ba. Ta ce in na ga dama in kai masa. Ta ce wataƙila akwai iri a cikin ƙasa da zai tashi wata shekara, wataƙila kuma babu, ba za ta yi mini alkawari ba.

Na same shi a ɗaki, kwance, gwiwoyin sun kumbura. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta fita. Na gaishe shi bai amsa ba. Na buɗe takardar na karanta masa daga sama har ƙasa, har da sa hannun, muryata tana ɗagawa, don ina so ya ji cewa abin da na yi ya yi amfani, ina so sau ɗaya a rayuwarsa ya ce mini na yi daidai.

Yana kallon kwanon rufi ya jefo mini tambaya.

“A gangaren duka, nawa suka rage?”

“Uku. Biyu a fegi na biyu, ɗaya a na goma.”

“Sun yi fure?”

“Ba su yi ba.”

“To shingen me zai tsare?”

Na ninke takardar na cusa ta a jaka. Ban taɓa jin na tsane shi kamar a wannan lokacin ba. Ya juya fuskarsa bango ya ce wa matarsa ta zo ta raka baƙuwa.